Daga Zangon Raƙuma zuwa Tashar Kwantena: Abin da Apapa Ke Gaya wa Katsina

Laccar da aka gabatar a Ƙofar Durbi, cikin birnin Katsina

 

  

Abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne kwantena, wato akwatin ƙarfen nan da muke gani a bayan tirela, da yadda ta sauya biranen da ke bakin teku. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan Bakatsine da jirgin ruwa, alhali tsakaninmu da Legas ya haura kilomita dubu? To, duba wayar da ke aljihunka, da babur ɗin da ya kawo ka, da shaddar da ke jikinka, da farantin solar da ke kan rufin masallacin unguwarku. Kusan dukkansu sun kwana a cikin wannan akwati kafin su iso hannunka. Ga kuma layin dogo yana tahowa daga Kano, zai ratsa ta nan ya wuce Maraɗi. Saboda haka zancen namu ne. Zan kasa shi gida biyar, wasu za mu daɗe a kansu, wasu kuma mu wuce da sauri.

Na farko: Katsina ma ta taɓa zama tasha

Ba a banza na ji daɗin yin wannan lacca a bakin wannan ƙofa ba. Idan mutum ya fita ta nan ya nufi gabas, wajen Mani, zai iske Durɓi ta Kusheyi. A kaburburan da masu binciken tarihi suka tona a can an samu kayan tagulla da duwatsun ado da wuri, kayan da ba a ƙasar nan aka same su ba, kuma an binne su tun ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san hanyar nan. Wa ya kawo su? Fatake.

Sahara ita ce tekunmu a wancan zamani, kuma Katsina na bakin gaɓarta ta kudu. Ayari kan taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gadamus da Gat da Agadas, ya sauke a nan. Ku yi tunanin abin da saukar ayari ɗaya ke nufi ga gari. Madugu zai nemi fatoma, fatoma zai nemo dillali. Akwai mai kwance kaya, da mai sayar da harawa, da mai ɗinke tsofaffin mangaloli, da mai tuwo, da malamin da zai rubuta wasiƙa da lissafin bashi. Kayan ba su wuce ta bayan gari ba. A cikin gari aka kwance su, aka ƙirga, aka yi ciniki, aka sake ɗaure wasu. A wannan kwancewa da ɗaurewa ne arzikin garin yake. Ku riƙe mini wannan magana, domin a kanta dukkan laccar ta tsaya.

Sai hanya ta kauce. Bayan jihadi, yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi tsakanin Katsina da Maraɗi da Gobir sun sa fatake suka daina sakin jiki da hanyar nan, suka karkata Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1851, ya tarar da yawancin filin da ke cikin ganuwa babu gidaje, manyan 'yan kasuwa kuma sun koma Kano. Duk mai son zurfafawa ya nemi littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883. Daga baya, a 1911, jirgin ƙasa ya iso Kano daga Legas, cinikin Sahara ya mutu murus. Reshen da aka ja daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya bi ta Funtuwa, birnin Katsina bai samu dogo ba har yau. Ba Katsinawa ne suka zama ragwaye ba. Hanya ce ta sauya, ba a kuma tambaye su ba.

Na biyu: mece ce kwantena, kuma me ta kashe?

Kafin kwantena, jirgin ruwa kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, a bakin tasha ana loda masa kaya ɗaya bayan ɗaya. Dattawan da ke nan sun san dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake cewa kowace ɗaya na ɗauke da buhu kusan 15,000. Kowane buhu daga cikinsu sai da ya hau kan mutum sau da dama: daga dala zuwa taragon jirgi, daga tarago zuwa sito a Apapa, daga sito zuwa ragar da ƙugiya za ta ɗaga, sannan a cikin jirgin wasu mutane su jera shi da hannu. Aiki ne mai karya baya, ga sata, ga kaya na lalacewa. Amma yana ciyar da dubban gidaje.

Wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, shi ya ce me zai hana a ɗauki jikin motar gaba ɗaya a ɗora a jirgi? Ranar 26 ga Afrilu, 1956, jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da akwatuna 58. Da aka yi lissafi, lodin tan ɗaya da hannu yana cin kusan dala 6, da akwati kuwa bai wuce santi 16 ba. Wane ɗan kasuwa ne zai ga wannan rata ya kau da kai?

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 duniya ta amince da awo ɗaya: faɗi ƙafa 8, tsawo ƙafa 20 ko 40. Idan kun fita, ku tsaya kusa da ɗaya daga cikin kwantenonin da aka mayar shago a bakin titi, ku dubi kusurwoyinta. Za ku ga dunƙulen ƙarfe mai rami a kowace kusurwa, huɗu a sama, huɗu a ƙasa. Wannan rami shi ne sirrin abin. Da shi injin ɗaga kaya na Shanghai ke kama ta, da shi ake ɗaure ta a jirgi, da shi take zama daram a bayan tirelar da za ta kawo ta Kantin Kwari. Sai kuma ku dubi ƙofar, inda ake maƙala hatimi mai lamba. Ana rufe ta a masana'anta, ba a buɗewa sai a inda kaya za su sauka. Ƙarama ɗaya na iya ɗaukar abin da ya fi kayan raƙuma 100, manyan jiragen yau kuma suna ɗaukar irinta fiye da 20,000 a tafiya ɗaya.

Me wannan ya yi wa biranen bakin teku? Ya raba tasha da gari. Kwantena ba ta buƙatar sito, ba ta buƙatar ɗan dako, fili take so mai faɗi da ruwa mai zurfi da hanya a buɗe. A Landan, tsofaffin tashoshin da suka ciyar da gabashin birnin aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya daga 1967 har zuwa 1981, aikin ya koma Tilbury da Felixstowe. Unguwannin 'yan dako suka zama kango. Yau bankuna ne masu dogayen benaye a Canary Wharf, amma ba 'ya'yan 'yan dakon ne aka gina wa su ba. A New York haka aka yi, aikin ya tsallake ruwa ya koma New Jersey, gaɓar Manhattan da Brooklyn ta yi shiru.

Na uku: Apapa

A nan zan daɗe, domin ita ce tamu, kuma 'ya'yanmu da yawa sun sha wuyarta.

An gina tashar Apapa a shekarun 1920 domin jirgin ƙasa da buhu. Dogo ya shiga har bakin ruwa, tarago ya tsaya gab da sito. Gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da fatun Sakkwato da kuzar Jos, ta nan da Fatakwal suke fita. A gefen tashar aka yanka unguwar manya mai bishiyoyi da faffaɗan tituna, ga ofisoshin kamfanoni, ga masana'antu. A wancan lokaci, a ce mutum yana zaune a Apapa abin alfahari ne.

Gargaɗin farko ya zo a 1975. Kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tasha za ta iya saukewa, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tekun Legas, wasu na watanni, ana biyan su kuɗin jira, simintin wasu ya daskare a cikinsu. Wannan ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Amma a ina aka gina ta? A maƙwabtan Apapa, a kan hanyoyin da Apapa ke amfani da su.

Daga nan abubuwa uku suka haɗu. Kwantena ta yawaita, jirgin ƙasa ya durƙushe, aka kuma cika yankin da rumbunan ajiyar man fetur. Duk abin da a da tarago ke ɗauka ya dawo kan taya. A 2006 gwamnati ta miƙa gudanar da tashoshin ga kamfanoni masu zaman kansu, kamfanin APM Terminals ya karɓi ɓangaren kwantena na Apapa. A cikin shinge aiki ya ƙara sauri, wannan gaskiya ne. Amma a wajen shinge fa? Ba a tanadi isasshen wurin da motoci za su jira ba, ba a tanadi inda za a ajiye kwantenar da aka sauke wa kaya ba. Titi ya zama gareji.

Na ga wannan da idona, kuma akwai direbobi a ɗakin nan da suka fi ni sani. Tirela bayan tirela, tanka bayan tanka, tun daga kan gadar Ijora har ƙofar tasha, ta ɗaya ɓangaren kuma tun daga Mile 2. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, yaronsa ya ɗaura igiya daga madubi zuwa ƙarfen gada ya shanya wanki, ga risho da tukunya a gefen taya. Da buta ɗaya zai yi alwala, a kan kwalta zai yi salla, ba zai iya matsawa ko'ina ba don kada layi ya motsa a tsallake shi. Mako biyu, mako uku. A kowane shinge kuma sai ya miƙa wani abu. Ka gaishe shi da Hausa ya amsa maka, domin da yawansu namu ne, daga Funtuwa, daga Malumfashi, daga Gusau, daga Potiskum. Shi kuma mai kaya kullum kuɗin jinkiri na hawa kansa, kuma wa zai biya a ƙarshe? Matar da ta zo sayen atamfa a babbar kasuwar Katsina.

Zuwa ƙarshen 2020, jaridu sun ba da rahoton cewa kuɗin ɗauko kwantena daga tasha zuwa wata unguwa a cikin Legas ɗin ya kusa kai kuɗin kawo ta daga Sin. Mazauna unguwar manya suka tattara suka tashi, ofisoshi suka ƙaura, gidaje suka faɗi daraja. Tashar da ta gina Apapa ita ta shaƙe ta.

An yi gyara, kuma adalci ne a faɗa. A Fabrairun 2021, lokacin Hajiya Hadiza Bala Usman na shugabancin hukumar tashoshin jiragen ruwa, aka fito da tsarin Eto, inda mota ba ta tahowa sai an kira ta ta waya daga wurin jira. An sake zuba wa wasu hanyoyin kankare, an kai sabon layin dogo na Ibadan har cikin tasha, a 2023 kuma aka buɗe sabuwar tasha mai zurfi a Lekki, can nesa da tsakiyar birni. Amma ku lura, duk wannan bayan ɓarna ta auku ne. Abin da za a iya tanada da arha tun farko, sai da aka saye shi da tsada.

Na huɗu: akwatin ya riga ya iso mu

Wannan ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sani. Kwantena ta sa kaya sun yi arha, talaka ya sa sutura, ya hau babur, ya riƙe waya. Ita ce kuma ta sa yadin da aka saƙa a Sin ya iso Kano da arhar da masaƙunmu ba za su iya ba, ga rashin wuta, ga fasa-ƙwauri. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a farkon shekarun 2000, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Manomin audugar Funtuwa da Bakori ya ji a jikinsa.

Akwai kuma hanyar bayan gida. Kaya kan sauka a Kwatano, su haura ta Malanbil da Gaya, su biyo ta Dosso da Ƙonni zuwa Maraɗi, sannan su gangaro ta Jibiya. Alhazan Maraɗi da yawa a kan wannan hanya suka kafu. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kowa a garin nan ya ga yadda kasuwa ta yi sanyi. Wannan ya nuna mana cewa har yanzu muna kan hanya. Tambayar ita ce, mu masu tasha ne, ko masu kallon motoci suna wucewa?

Na biyar: me ya kamace mu?

Tun 2006 gwamnatin tarayya ta amince da kafa tashoshin tsandauri guda shida, har da Funtuwa da Zawaciki a Kano. Ta Kaduna, wadda aka yi daban, an buɗe ta a Janairun 2018, ta Dala, wato ta Zawaciki, a Janairun 2023, ta Funtuwa kuma sai a Mayun 2024. Shekara 18 ke nan tsakanin amincewa da buɗewa. Manufar tashar tsandauri ita ce kwantena ta taho da hatiminta daga jirgi har Funtuwa, a nan kwastan za su buɗe, a nan za a biya kuɗin fito, a nan kuma mai fitar da kaya zai cika tasa a rufe. Wato kwancewa da ɗaurewar nan da na ce ku riƙe mini, ita ake son dawowa da ita gida. Ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Bayan fiye da shekara 100, dogo zai iso birnin Dikko.

Ina murna da wannan, amma ina jin tsoro, kuma zan faɗi dalilina. Kwantena ba ta san zumunci ba. Idan ba ta da abin yi a garinku, za ta wuce ta gabanku a rufe, ku sha ƙura, ku gyara titin da ta fasa. Tashar tsandauri kuma da ba jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci, fili ce kawai mai katanga. Don haka ina da roƙo.

Ga hukuma da iyayen ƙasa: a ware fili tun yanzu, a wajen gari, kusa da inda jirgi zai tsaya, domin wurin jiran manyan motoci, da ruwa da banɗaki da masallaci da wurin kwana. A yi shi kafin masu sayen filaye su yanka wurin gunduwa-gunduwa. Titunan cikin ganuwa ba a yi su don tirela ba, abin da ya rage mana na ganuwar da ƙofofinta kuma ba shi da yawa. Kada mu bari abin da ya sami Apapa ya sami Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya. Sannan ba mai ɗora dukiyarsa a kan hanyar da ba tsaro. Rashin tsaro ne ya kori fatake daga nan a ƙarni na 19, bai kamata mu bari a maimaita ba.

Ga 'yan kasuwa: kwantenoni da yawa da ke shigowa ƙasar nan cike, wayam suke komawa. Me za mu zuba a ciki? Muna da riɗi, muna da zoɓo wanda Meksiko ke saye, muna da ƙaro da fata da auduga. Amma a yau buhunanmu kan tafi Dawanau ko Legas, a can a tace, a can a auna, a can a cika akwati, a can riba ta zauna. Mai saye a waje yana son kaya masu tsabta, iri ɗaya, da takardar gwaji. Ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya. Ɗan kasuwa ɗaya ba lalle ya iya cika kwantena ko sayen injin tacewa ba, amma goma za su iya. Kakanninmu ba su ratsa Sahara ɗai-ɗai ba, ayari suka yi.

Ga matasa, ku ne kuka kira ni, don haka zan gaya muku gaskiya. Aikin dako ba abin kunya ba ne, da shi aka yi tarbiyyar manyan mutane, amma kwantena ba ta ɗaukar 'yan dako da yawa. Wanda take nema shi ne mai iya cike takardun fito da fom ɗin NXP na fitar da kaya, mai tuƙa injin ɗaga kaya, mai gyaran kwantenar sanyi, mai gwajin ingancin amfanin gona, mai iya rubuta wa mai saye wasiƙa da Turanci ko Faransanci ko Larabci. Faransancin nan kada ku raina shi, Maraɗi na nan kusa da mu fiye da Kano. Muna da jami'o'i da kwalejin kimiyya da fasaha a garin nan, ina roƙon shugabanninsu su buɗe waɗannan darussa kafin jirgi ya iso. In ba haka ba, za a kawo masu yi daga wani wuri, kuma ba za mu ga laifin kowa ba.

Mai girma shugaba, na ga lokacina ya cika.   Yanzu fili naku ne. Ina so musamman in ji daga bakin direbobin da suka yi layi a Apapa da 'yan kasuwar da ke bin hanyar Jibiya da Maraɗi. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, za a miƙo masa lasifika.